Lambar Waƙa ta Bakwai

Ni na koya wa ƙanena kaɗa jita. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, na girme shi da shekara shida, kuma a gidanmu na Kaduna ya tashi. A lokacin ni ne mai kaɗa bas a zumuntar matasan cocinmu, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu da ake jin muryarta a ƙirji kafin a ji ta a kunne. Idan an tashi sujada sai in miƙa masa ita ya taɓa kafin a kulle ɗakin kaya. Yatsunsa gajeru ne, na sha gaya masa ba za su kai ba. Ashe za su kai.

Na zo Kuala Lumpur karatun digiri na biyu a ilimin laburare, a jami'ar da ke Lembah Pantai. Jitata a gida na bar ta, na ce karatu ne ya kawo ni. Bayan shekara biyu shi ma ya samu gurbi a wata kwaleji kusa da Setapak, iyaye suka ce mu zauna tare. Na saki ɗakina na kusa da jami'a, muka kama wani a Wangsa Maju, hawa na goma sha ɗaya, na koma bin jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, safe da yamma. Shi kam da jitarsa ya sauko daga jirgin sama, a rataye a baya, kamar wanda aka gayyato wasa.

Bai yi wata huɗu ba ya samu ƙungiya: wani Bamalaye mai ganga, wani ɗan China mai jita, sai shi. Da na tambaye shi wane irin kiɗa suke yi, ya ce sunansa post-punk funk. Na maimaita, ya fashe da dariya, don a bakina kalmomin biyu na ƙarshe duk fank suka fito. Ya yi min bayani cewa kiɗa ne mai kaushi, jita tana yanka kamar ana wasa wuƙa, amma bas da ganga suna tafiya yadda dole ƙafa ta motsa. Na ce to, Allah ya taimaka, kada dai ya manta abin da ya kawo shi.

Wata Asabar da yamma na je kallonsu a wani ɗaki da ke saman shago kusa da Titiwangsa. Mutane ba su fi sittin ba, zafi kamar a tukunya. Na tsaya kusa da fanka. Da suka shiga waƙa ta uku, sai na kasa kunne. Kiɗana ne. Wani ɗan salo ne da na ƙirƙira ina saurayi, don lokacin baiko, wato sa'ad da ake kai sadaka a coci: sauti biyar su hau, su tsaya kaɗan, sannan su gangaro. Da shi matan zumunta suke rangaji har gaban bagadi. Ya ƙara masa sauri, ya ƙara masa nauyi, ya ɗora waƙa a kai da Hausa, labarin mutumin da takalminsa ya ƙare a garin da ba nasa ba. Mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya suna ta tsalle suna amsa masa.

Da aka tashi ya zo wurina, rigarsa sharkaf da gumi.

"Yaya, ya ka ji?"

"Ba laifi," na ce. "Mai gangarku yana sauri."

Na jira ya ce wani abu a kan waƙa ta ukun. Bai ce ba. Ni ma ban ce ba.

Akwai wata mata Bamalaya mai shagon sayar da faya-fayen garmaho, wadda kowa yake kira Kak, wato yaya mace. Ita ta shirya wasan nan. Tana da ɗan ƙaramin kamfanin fitar da waƙoƙi wanda bai wuce teburi ɗaya a bayan shagon ba. Ta yanke shawarar tattara ƙungiyoyi goma masu irin wannan kiɗa, kowace ta ba da waƙa ɗaya, a haɗa su a faifai guda, a kuma saka su a manhajojin sauraron waƙa. Ta zaɓi waƙar takalmin. Ranar da aka gaya masa, ƙanena ya shigo ɗaki da leda biyu na abinci, ya ce yau shi zai ciyar da ni. Na ci, na taya shi murna.

Bayan 'yan makonni ya ce Kak tana neman wanda zai taimaka mata da lambobi, ita sun ɗaure mata kai.

"Na ce mata yayana aikinsa ke nan. Duk littafin da ka ba shi sai ya samo masa lamba."

Haka ya gabatar da ni, mai lamba. Na je duk da haka.

Gaskiya na ji daɗin aikin, don irin nawa ne. Faifan gaba ɗaya yana da bakod, zanen layukan nan baƙaƙe da ake haska wa na'ura a kanti, da lambobi goma sha uku a ƙasansa. Ta ƙarshen ba zaɓarta ake yi ba, lissafi ne ke fitar da ita daga sauran, don na'ura ta gane idan an yi kuskure. Akwai kuma lambar kamfanin Kak da ake bugawa a gefen kwali. Sannan kowace waƙa tana da tata lambar, haruffa da alƙaluma goma sha biyu: biyun farko na ƙasa, uku na kamfani, biyu na shekara, biyar na ƙarshe na waƙar ita kaɗai. Kak ta ce da wannan lambar ake gane waƙa a ko'ina a duniya, ko an canza mata kwali, ko an rubuta sunanta ba daidai ba. Manhaja ba ta san murya ba, lamba ta sani.

Aikina shi ne in cika jadawali mai layi goma: sunan waƙa, sunan ƙungiya, tsawonta, waɗanda suka rubuta ta, da lambarta. Mai haɗa sauti ya riga ya sa wa kowane fayil lambar waƙarsa a matsayin suna. Kamfanin da ke rarraba waƙoƙi zuwa manhajoji zai ɗauki jadawalina, ya haɗa kowane layi da fayil ɗin da ke ɗauke da lambarsa. Waƙar ƙanena ce ta bakwai. A gurbin marubuta, an turo sunaye uku: nasa, na mai ganga, na mai jita. Na buga su da hannuna. Na ƙara nawa a ƙarshe don in ga yadda zai zauna, na kalle shi na ɗan lokaci, sannan na goge.

A makon ne hoton kwalin ya fito. Ƙungiyoyi goma ne, amma wanda ya tsara kwalin hoto ɗaya ya zaɓa: hannun ƙanena a kan tsirkiya, da rabin fuskarsa. Ƙanena ya tura hoton zauren danginmu na waya. Kafin in sauka daga jirgi saƙonni sun fi hamsin. Kawunmu, wanda ya taɓa cewa jita aikin 'yan iska ne, ya rubuta cewa yaron nan tun yana ƙarami ya ga alama. Mahaifiyata ta sa masa albarka mai tsawo, sannan ta turo min nawa saƙon a gefe: "Kai kuma yaushe za ka gama kundin naka?"

Washegari, Talata, ina zaune a laburaren jami'a da abin sauraro a kunne, ina gwada tsawon kowace waƙa da abin da ke jadawali. Ba wanda ya sa ni, horon aikinmu ne. Na buɗe fayil mai lambar waƙa ta bakwai. Maimakon kiɗana, sai na ji ƙararrawa da muryoyin mata suna waƙa da yaren China. Waƙa ta takwas ce, ta wasu 'yan mata uku daga Ipoh. Na buɗe mai lambar ta takwas, ga ƙanena. A takardar da Kak ta rubuta min da hannu, ta juya lambobin biyu. Ƙaramin abu ne, gyaransa bai kai minti ɗaya ba.

Na ɗauki fensir na yi alama a gefen layi na bakwai. Na zauna ina kallon ruwan sama yana dukan taga. Na san sarai abin da zai faru idan aka tura haka: waƙarsa za ta fito da sunan 'yan matan, tasu ta fito da nasa. Faifan garmaho ba zai samu matsala ba, don an riga an kai shi wurin bugawa a jere daidai. A manhaja ne kawai abin zai bayyana, inda dangi za su nema.

Ban ce a raina zan cuce shi ba. Abin da na ce shi ne, ba ni na yi kuskuren ba. Na ce an ba ni takarda in kwafa, na kuma kwafa daidai. Na ce wanda ya ɗauki abin wani ya sa sunansa, bari ya ɗanɗana yadda ake ji. Na juya fensirin na goge alamar.

Ranar Alhamis na kai wa Kak jadawalin. Tana tsaye tana jera faya-fayai, ta ɗago kai ta tambaye ni ko na duba komai, ko ana iya turawa.

"Boleh," na ce mata, wato ana iya.

Ta danna ta tura, ta zuba min shayi.

Makonni shida ne tsakanin turawa da fitowa. A cikinsu ko yaushe na ga dama zan iya cewa na gano wani abu, a gyara, ba wanda zai zarge ni. Sau biyu na fara rubuta mata saƙo. Na farko, ƙanena ya shigo yana ba ni labarin wata mujalla da ta ɗauki hotonsu, sai na fasa. Na biyun ban ma tuna abin da ya hana ni ba.

Ranar Juma'ar da faifan ya fito, da misalin ƙarfe uku na rana, ƙanena ya kira mahaifiyarsa ta bidiyo. A gida safiya ce. Ya jingina wayar da kwalbar ruwa don ta gan mu mu biyu. Tana zaune a tsakar gida da wayar maƙwabciyarta a hannu, mata biyu a bayanta. Ya faɗa mata sunan ƙungiyarsu harafi-harafi, ta samu, ta danna. Ƙararrawa ta fara, 'yan matan Ipoh suka ɗauka.

Ta kai wayar kunne, ta sauke.

"Wannan muryarka ce, ɗana?"

Matan bayanta suka yi dariya. Shi ma da farko dariya ya yi, ya ce ba daidai ta danna ba. Ya ɗauki wayata ya duba da kansa. Ina kallon fuskarsa lokacin da ya gane. Ya ce wa mahaifiyarsa zai sake kira, ya kashe, ya zauna a ƙasa ya jingina da gado.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Wani sanyi ne ya sauko min a ciki, irin na wanda ya daɗe yana riƙe da kaya ya samu wurin ajiyewa. Ya yi kamar awa ɗaya. Bayan nan na tashi na dafa taliya, na zuba masa, bai ci ba, kuma daga lokacin ban sake jin sanyin nan ba.

Abin ya ƙara muni a ƙarshen makon. Wani mai shirin rediyo a Turai ya saka waƙar, ya yaba ta sosai, ya ce abin mamaki ne 'yan mata daga Ipoh su yi waƙa da wani yaren Afirka. Mai ganga ne ya turo mana. Ƙanena ya saurara sau ɗaya ya ajiye wayar. 'Yan matan ma abin bai yi musu daɗi ba, don su ma tasu waƙar tana can da sunan wasu.

Kak ta kira mu shago ranar Litinin. Ta ɗauko takardarta ta hannu, ta nuna mana inda ta juya lambobin, idonta ya yi ja. Ta ba ƙanena haƙuri har sau uku, sannan ta juyo ta ba ni haƙuri ni ma, wai ta ba ni takarda mara kyau ta ɓata min aiki. Na ce mata kowa yana kuskure. Da bakina na faɗi haka.

Ni na gyara. Na rubuta wa kamfanin rarrabawa, na haɗa musu sabon jadawali, na bi su da saƙo kullum, wata manhajar ta gyara a kwana biyar, wata sai da ta kusa mako uku. Na yi aikin da dukan ƙarfina, har kundina na ajiye. Ranar da ta ƙarshe ta gyara, Kak ta kai mu cin abinci, ta ba ni faifai ɗaya kyauta. Ƙanena ya rubuta a zauren dangi cewa ba don Yaya ba da waƙarsa ta tafi. Aka yi ta sa min albarka. Mai shirin rediyon dai bai sake waiwayar waƙar ba, ya wuce zuwa wasu.

Na riƙe maganar wata biyar. Na kare kundina, na ci. Ranar Lahadin da ta biyo baya, bayan an tashi daga coci, muka tsaya a shagon mamak da ke ƙasan gidanmu, wurin Indiyawan nan Musulmi masu shayi da roti, irin gurasarsu. Ƙanena ya ce shi zai saya, don taya ni murna. An kawo abinci, ya fara yagar rotinsa, sai na ji ba zan iya sake cin abincinsa a haka ba.

"Akwai maganar da zan gaya maka. Lambobin nan, na ga an juya su."

"Ai kai ka gyara."

"Kafin a tura na gani."

Ya daina yaga. Ya kalle ni, ya kalli farantinsa.

"Tun yaushe?"

"Kwana biyu kafin in kai wa Kak."

"Ka manta ne?"

"Ban manta ba."

Sannan ya tambaya, a hankali, ba da faɗa ba:

"Yaya, me na yi maka?"

Na gaya masa. Na ce kiɗan da ke ƙarƙashin waƙar nawa ne, ni na ƙirƙire shi a ɗakin kayan coci, shekarar da aka sa sabon rufi, kuma ya ɗauka bai ko tambaye ni ba, ya rubuta sunaye uku babu nawa. Ina magana ina jin yadda maganar take ƙanƙancewa a bakina.

Ya ɗago kai.

"Naka ne?"

"Nawa ne."

"Ni na ɗauka tsohon kiɗan baiko ne. Tun ina yaro nake jin sa. Na ɗauka tun zamanin su Kaka ake yin sa. Haka ma na gaya wa su mai ganga, na ce kiɗan cocin garinmu ne."

Ban shirya wa wannan amsar ba. Duk watannin nan ina ɗauka ya sani yana dannewa ne. Ashe bai taɓa kawowa a ransa cewa wani ne ya zauna ya ƙirƙire shi ba, balle ni. Kuma ba ni da abin nunawa. Ban taɓa naɗar sa ba, ban taɓa rubuta shi ba. In ya ga dama ya ce ƙarya nake, ba mai raba mu.

Bai ce ƙarya nake ba. Ya ce, "Da ka faɗa." Ya kira mai shagon ya ce a ɗaure masa sauran abincinsa, ya biya na mu biyu, ya haye sama.

Mako biyu muna ɗaki ɗaya, maganarmu ba ta wuce ta makulli da tukunyar gas ba. Ban san ya je wurin Kak ba sai da ta kira ni. Ta ce ya gaya mata an manta da marubuci ɗaya a waƙa ta bakwai, tana so in turo sunana yadda yake a fasfo. Ta ce lambar waƙar ba za ta canza ba, gurbin marubuta kawai za a gyara. Daga muryarta na gane bai gaya mata sauran ba. Har yau bai gaya mata ba, bai kuma gaya wa kowa a gida ba.

Sunan ya fito bayan 'yan kwanaki. Sai ka danna sau uku kafin ka gan shi, da ƙananan haruffa, na huɗu a jere. Na buɗe shi a cikin jirgi, tsakanin tasha da tasha, na ɗauka zan ji wani abu ya kwanta. Abin da na lura da shi kawai shi ne hotonsa yana sama, babba, sunana yana can ƙasa.

Da wa'adin hayarmu ya cika, ya ce zai koma Titiwangsa wurin mai ganga, ya fi kusa da inda suke gwaji. Na taya shi sauke kaya. A ƙofar mota ya ce in gaida mutanen coci in na riga shi zuwa, kamar ba ranar Lahadi za mu haɗu ba. Muna haɗuwa. Yana gaishe ni da ladabi, yana ce min Yaya, yana zama a layin bayana.

Ni na samu aiki a laburaren wata makaranta, na zauna a garin. Su ƙanena kuma bayan shekara ɗaya da rabi suka fitar da faifansu na kansu, waƙa tara, babu ko ɗaya da ta taɓa wani abu nawa. Da kansa ya yi lambobin. Sau ɗaya ya kira ni, da rana, ina wurin aiki, ya tambaya ko faifan garmaho da kaset za su iya amfani da bakod ɗaya. Na ce a'a, kowanne da nasa. Ya ce ya gode. Ya tambaye ni ko na ci abinci, na ce na ci. Na ji ƙarar jirgi yana shigowa tasha a bayansa, ya ce sai anjima.

Ranar da faifan ya fito na saurare shi sau biyu, a hanyar zuwa aiki da ta dawowa. Yana da kyau, ya fi duk abin da na taɓa kaɗawa. A zagaye na biyu na kama kaina ina neman waƙar da ba ta kai sauran ba. Na samu ɗaya, wajen tsakiya, amshinta ya yi tsawo. Na sake saka ta don in tabbatar, sannan na rubuta masa cewa faifan ya yi kyau, Allah ya ƙara basira.